Kundin Ranar Talata

A kwalin takalmi aka miƙo mini kundin,
yana ƙanshin kirfa da tsohuwar takarda.
Shafin farko, hannun Ludmila Hrabik,
haruffa a tsaye kamar turakun shinge:
"Talata, Nuwamba, shekarar hamsin da bakwai.
Mu shida ne. Kujeru huɗu."

A bayan gidan burodin Verna suka zauna,
ƙanƙarar Nebraska ta kai gwiwa a waje.
Mai ɗinki, mai gyaran gashi, mai sayar da irin masara,
da Opal, wadda mutuwa ta bar wa shagon taya
ba ta san sunan ko sifana ɗaya ba.

Banki ya ce wa Opal ta kawo miji ya sa hannu.
Ta ce yana kwance a bayan coci,
in manaja bai gaji ba, ya ɗauko shebur su je.
Ludmila ta rubuta wannan ma,
ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Sai gwangwanin kofi ya zama banki.
Dala ɗaya kowace Talata,
mai shi da marar shi, ba a duba fuska.
Damina biyu, Opal ta sayi injin ɗaga mota,
manajan da kansa ya kawo tasa faci.

Shafi na arba'in da ɗaya babu shi, an yage.
Na tambayi tsofaffi, kowa ta kalli taga.
Abin da na sani dai:
Marcella Dusek ta fice da mata tara,
suka koma taro a otal.
Wata bakwai suka dawo.
Ba wadda ta ce a yafe mini,
Verna ta dai ƙaro kofuna.

An yi zamanin da suka kai tamanin,
suna biya wa ɗaliba ɗaya kuɗin makaranta duk shekara.
Ta goma sha biyu a jerin, uwata ce.
Sannan katafaren kanti ya buɗe a bakin babbar hanya,
shaguna suka riƙa mutuwa kamar fitilun da mai ya ƙare wa.
Ruwan kogi ya shigo, ya lashe gindin shafuka,
sunayen wasu sun zama shuɗin tabo,
ina karanta su da yatsa.

Yau Xiomara ta zo da garin masara a hannun riga,
Nyakim da ta bar Sudan tana goye
ita ke yi wa rabin gari lissafin haraji.
Gwangwanin yana nan kan tebur.
Ba komai ciki sai maɓalli ɗaya
da makullin da ba a san ƙofarsa ba.

Na lasa yatsa, na buɗe sabon shafi.
Hannuna bai kai na Ludmila kyau ba.
"Talata. Mu goma sha ɗaya ne.
Kujeru sun yi yawa,
amma mun ƙi a kwashe su."