Ƙanƙarar Mma Lariba

Na dawo Nima da ƙusa huɗu a gwiwar hagu
da dogon allo cikin jaka,
wanda yaran layinmu suka rantse makara ce.
Mma Lariba ta zagaya shi sau biyu,
ta ƙwanƙwasa kamar mai tayin kankana,
ta ce, "Mutawakilu, wannan ne ke ci da kai?"

Shi ne, Mma.

Shekara talatin tana sayar da ƙanƙara
a bakin babbar kwata, inda trotro ke juyawa.
Ita ta fara nuna mini farin abin:
ta kankare bangon firiza da gindin cokali,
ta zuba mini garin a tafin hannu.
Kafin in kai wa Fuseini ya gani
ya zama ruwa, ya bar ni da sunan maƙaryaci.

Na ce mata, ki ɗora tudun Aburi kan tudun Aburi
har ki gaji da ɗorawa,
ki lulluɓe shi da wannan garin.
Ba hanya, ba tuta, ba sawun kowa.
Jirgi mai saukar ungulu ya ajiye ni a ƙoli, ya tafi,
shiru ya rufe kamar murfin tukunya.

Ta ce, "Me ka manta a can sama?"

Ban iya amsawa ba.
Da na ce: kwana uku nake kallon fuskar dutsen daga nesa,
ina haddace shi kamar allon Malam Issaka,
nan baƙin dutse, nan rami, nan mafita in ta ɓaci,
don daƙiƙa arba'in kacal.
Da na ce: masu kallo a waya suna zaton ban san tsoro ba,
alhali shi ke ɗaura mini takalmi kowace safiya.
Yayana ne. In ya yi magana a hankali, in saurara.
Ranar da ya yi shiru, ranar nake komawa masauki.

Sai na ce mata ina haƙa rami in duba cikin dusar,
shimfiɗa bisa shimfiɗa,
don akwai wadda ta narke ta sake daskarewa,
sama lafiya, ƙasa ruɓa.
Nan ta ajiye wuƙarta.
"Ta bayan ɗauke wuta kenan," in ji ta.
"Ba na sayar wa mai kifi irinta."

Ban gaya mata zancen Matiyas ba,
yadda gangaren ya tsage kamar tsohon zane,
yadda muka yi minti goma sha tara muna tono,
yadda safar hannunsa ja ta fara fitowa.
Amma ta ga ba na iya cin waken da ta zuba
in firiza ta yi wannan ƙugin nata,
ba ta tambaya ba.

Kamfani ya rubuto: ina gwiwa, yaushe za ka dawo?
Akwai yaro ɗan sha tara da bai taɓa tono ba
yana jiran gurbina.
Ni kuwa da asuba, bayan salla,
ina hawa matakalar masallaci da ƙafa ɗaya,
goma, sha ɗaya,
gumi na ɗiga, zuciyata na can inda numfashi ke hayaƙi.

Jiya wuta ta ɗauke da la'asar.
Ta tashi ta rufe firiza da buhuna,
ta zaro ƙulli ɗaya, mai tauri, na tun shekaranjiya,
ta naɗe a tsohon ɗankwalinta,
ta ɗora mini a gwiwa, ta danne da hannu.

"Ƙanƙara ba ta da amana," in ji ta,
"ni da kai muka sani.
Sunanka ba lasisi ba ne. Ka riƙa dubawa."

Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.
Sannan ta ce, "Sidi biyu ne."