Murfin Tanki a Ƙasar Gishiri

A gidan mai na Uyuni
na ɗora shi kan rufin mota,
na biya, na ƙirga canjina,
na ja, hankalina yana kan tukunya.
Sai a Colchani, da na sauko,
na ga tanki ya hangame baki, ba murfi.

Motar babana ce, Nicanor.
Shekara talatin tana jidar gishiri.
Ya rasu ya bar mini ita,
da ɗan bashi, da hularsa bayan kujera.
Mutumin da ko ƙusa bai taɓa yarwa ba!
Ni wata huɗu kacal, na yar da murfi.

Na yagi tsumma na cusa,
na ce gobe.
Goben nan ta yi sati uku.
Warin fetur ya bi mu har cikin bargo,
'yata Delfina ta daina zama a gaba.
Ran Talata, a tsakiyar farin fili,
inda ƙasa da sama ba su da iyaka,
inji ya yi tari, ya yi tari, ya yi shiru.
Makanike ya zazzage matatar mai a tafinsa:
ruwa, ƙura, zaren tsumma, gishiri.
Ɗan hakin da na raina.

Doña Basilia, rumfarta na bakin dogo,
ganyen koka a kunci,
ta juye mini murafe a daro.
Na miƙa hannu ga mai ƙyalli, mai makulli.
Ta buge hannun.
"Wannan na birni ne, Eulalia.
Gishiri zai shiga kafar makullin,
sanyin Yuli ya ƙarasa shi,
ki tsaya gaban famfo kina roƙon ƙarfe.

Mai zare ne naki, ko mai kunne biyu?
Kin auna bakin? Ta wace shekara ce?"
Na yi zuru. Ta taso da kanta,
ta zura yatsa, ta shafa, ta gyaɗa kai.

"Tsohuwa ta murfi take numfashi.
Toshe ta sarai, cikinta ya shafe,
mai ya ƙi tafiya, ki zagi inji a banza.
Ta zamani kuwa ba ta son iska ko kaɗan,
sai an murɗa ya ce ƙas, ƙas, ƙas,
in ba haka ba ta kunna miki fitila.
Kowace ƙwarya da abokin burminta."

Ta zaro wani baƙi, mummuna,
ta hura shi, ta kara mini a kunne.
Na ji siririn numfashi.
Arba'in da biyar. Ga na sha biyar can,
amma araha ba ta ado.

Ina ƙirga kuɗi na ce, kunya nake ji,
babana ko ƙusa...
Ta yi dariya har hularta ta karkace.
"Uku ya saya a nan, uku!
Na farkon kina goye a bayan uwarki.
Ya ce kar in faɗa a gida."

Yanzu duk Lahadi, bayan coci,
nakan cire shi in goge robar da ƙyalle,
in lanƙwasa ta a rana in duba tsaga,
don sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.
In share bakin tankin kafin in mayar.
Kafin ruwan Disamba, sabuwar roba.

Uwata ta tufka igiya da gashin lama,
ja da fari, ta ɗaure shi a wuyan tanki.
Ban gaya mata zancen ukun ba.
Tana ɗaurewa ta ce, ba ta ɗago ba,
"Irin wannan na yi wa ubanki,
bayan na ukun."