Ɗan Aike

Wata huɗu ina zargin kaina.
Wannan kan nake nufi,
wanda nake ɗaura wa ɗankwali da asuba
kafin in bi bas ɗin farko zuwa gidan tsofaffi
a Hull, inda ruwan sama bai san damina ba,
kullum ranarsa ce.

Ciwon yakan fara bayan azahar,
daga ƙeya, ɓangaren dama,
ya hau a hankali kamar mai gudun tada na barci,
ya bi ta bayan kunne,
ya zo ya tsuguna a bayan idona
yana daka, ba turmi ba taɓarya.

Na zargi shayi, na daina.
Na zargi fitilun falo, na sayi tabarau fam tamanin.
Yayata Uwani ta aiko murya daga Funtuwa:
"Hawan jini ne, irin na Inna."
Aka gwada, jinina kwance kamar ruwan randa.
Ƙwaya kuwa na sha
har mai kantin magani ya fara gaishe ni da suna.

Ranar Talata aka tura ni wurin mai gyaran gaɓoɓi,
wata doguwa, Bronwen, hannunta sanyi kamar ƙarfen ƙofa.
Na nuna mata goshi. Ko kallonsa ba ta yi ba.
Ta zagaya bayana, ta ɗora babban yatsa
tsakanin wuya da kafaɗa,
ta danna wani ƙulli da ban san ina kiwonsa ba.
Sai ga ciwon a bayan ido,
shi ɗin dai, da kamanninsa,
kamar an kira sunansa ya amsa.

Na ce, kin taɓa nan, can ya yi kuka?
Ta ce naman igiya ɗaya ce
daga kafaɗa har gindin ƙoƙon kai,
in ta ɗaure a ƙasa, sama ke jin ja.
Na yi dariya har ta tsaya kallona.
Ta ina zan fara fassara mata
cewa abin da ya taɓa hanci ido ke wa ruwa?

Ta ce, me kike ɗauka?
Na ce, ba komai.
Sai na shiga lissafi a zuci.
Mista Hargreaves, da ba ya yarda da injin ɗagawa,
sai dai ya rataye a wuyana
yana kirana da sunan 'yarsa.
Jakata mai kwanon tuwo da takalmin aiki, kullum a dama.
Waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa,
ina wanke-wanke, ina sauraron kuɗin makarantar Sagir.
Sanyin da ya sa na ɗage kafaɗu tun Oktoba
ban sauke ba.
Takardar izinin zama, saura wata bakwai.
Wannan ban faɗa mata ba,
ba ta hawa sikeli.

A gida da ka muke ɗaukar kaya.
A naɗa gammo, a miƙe, tulu ya zauna daram,
in an iso a ce sannu,
wani ya kama miki ki sauke.
Nan kafaɗa ke dako a ɓoye
ƙarƙashin rigar sanyi.
Ba ta da baki, sai ta aiki kai ya kai ƙara,
ni kuma wata huɗu ina dukan ɗan aike.

Yanzu ina da ƙaramar ƙwallo rawaya
da nake murzawa tsakanin bayana da bango.
Maƙwabcina na jin nishi, bai tambaya ba.
Jaka ta koma hagu.
Mista Hargreaves ya shiga injin,
yana zagina ƙasa-ƙasa har mu isa kujera.

Ciwon bai tafi duka ba,
yakan leƙo ranar Alhamis in aiki ya yi tsawo.
Amma ba na dafe goshi.
Nakan kai hannu kafaɗa in ce, na ji saƙo.

Jiya a tashar bas
na tsinci kafaɗuna sun sake hawa har kunne.
Na sauke su ɗaya bayan ɗaya,
ba mai kama mini.
Motar ta yi lattin minti tara.