Ƙarƙashin Bonet

Ƙarfe bakwai a bakin Dilimi,
ruwan durom yana cizon yatsu.
Sanyin Jos ba ya sallama.
Ina nannaɗe hannun riga
sai ga wata Fijo, fara ce a da, yanzu launin kunu,
samari uku na turo ta.

Mai riƙe da sitiyari ta fito, ta ce sunanta Kangyang.
"Ta babana ce.
Gobe dillali zai zo daga Bukuru.
Ya ce a wanke injin,
wai ido ne ke fara ciniki."

Wankin jiki kowa ya iya:
kumfa, soso, ɗauraya, tsumma.
Ciki kuwa sai da ladabi.
Oga Tanimu ya koya mini da ranƙwashi:
inji mai zafi kamar mai fushi ne,
kar ka watsa masa ruwa, bari ya huce.
Na taɓa wannan da bayan hannu.
Wata bakwai ke nan da hucewarsa.

Na cire kan batir.
Na ɗaure altaneta da leda,
na toshe bakin kafireta
yadda ake kare kunnen jariri a wanka.
Kananzir a gwangwanin madara,
tsohon buroshin haƙori,
da haƙuri, wanda ba a sayar da shi a Taminus.

Dauɗa hawa-hawa ce.
A sama jar ƙasar Mangu,
a ƙarƙashi baƙin mai ya daskare kamar kwalta,
bayan fitila ɓera ya yi rumbu
da ɓawon gyaɗa da tsohon tikitin tasha.
Ina kankarewa, shekaru na gangarawa kwata,
baƙi, sai ja, sai ruwan toka.

Nan na ga tiyon lagireto
ɗaure da ƙyallen atamfa, ƙulli uku.
Tiyon lafiya lau, ba tsaga.
Na ɗauko reza.

"Tsaya."

Ta sunkuyo, ta daɗe ba ta ce komai ba.
"Zanen Mama ne.
Hanyar Pankshin, daren da za a haifi ƙanena,
tiyo ya fashe, ba gari kusa.
Tana naƙuda ta yagi bakin zanenta ta miƙa masa.
Ya sayi sabon tiyo daga baya.
Ban san ya mayar da ƙyallen ba."

Na ajiye reza.
Na bi gefensa da buroshi
kamar mai shara kusa da mai barci.

Da na ɗaga kai zan goge cikin bonet,
ga sawun tafin hannu, na baƙin mai,
inda yake dafawa kullum idan zai duba ruwa.
Yatsu huɗu da rabi.
Ban tambaya ba.
Duk wanda ya zauna da fanka ya san kuɗin da take karɓa.

Na wanke sama, na wanke ƙasa,
na zagaye wannan wuri.
Dillali zai ce mai wankin rago ne.
Ya faɗa.

Na kwance ledoji, na tsane filogi ɗaya-ɗaya,
muka aro batir wajen mai faci.
Ta murɗa makulli.
Tari ɗaya. Shiru.
Tari biyu, sai ya kama,
tururi ya tashi daga ƙarfe mai tsabta
ya haɗu da na bakinmu.

Kafin in sauke bonet
ta ɗora hannunta a kan sawun.
Nata ya fi ƙanƙanta, yatsu biyar cif.
Ta ɗago shi baƙi ƙirin.

Na miƙa mata sabulu.
Ta ce, "Bar shi tukuna,"
ta ƙirga mini kuɗina da hannun hagu.