Littafin Baba Didam

Mun baro Kagoro kafin zakara ya sake cara,
ni da Baba Didam da sandarsa ta gora.
Raɓa ta jiƙa mu har gwiwa.
Can sama, inda dutse ya gaji da hawa ya kwanta,
ciyawa ta fara furfura,
gamba na sunkuyar da kai kamar ta haɗu da suruki.
An yanke acca, saura tushiya da ƙamshi.

Shekara talatin yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a Kafanchan.
Da jirgi ya daina zuwa
bai mayar da littafin ba.
Ya juyo shi ta baya, ya ja layi da jan biro:
shamuwa, tashi; shirwa, isowa.
Ya ce su dai ba su taɓa sa shi jiran banza ba.

Bana yana ta rufe masa ido.
Ni ce idon.

Muka zauna kan fa, sanyinsa na ratsa zanena.
Ya ɓare gyaɗa ɗanya, ya ba ni rabi.
Hantsi ya ɗaga, dutse ya ɗau zafi,
sai ga su daga wajen Zonkwa,
baƙaƙe, ciki fari,
ba gaggawa, ba ko kaɗa fiffike,
suna juyawa kamar tsaki a ƙwaryar da aka motsa,
suna hawa iskar da ban gani ba
har wuyana ya ƙage.
Daga nan ɗaya ta miƙe kudu,
sauran suka zube a bayanta.

Nawa? in ji shi.

Na duba shafin bara: ɗari biyu da shida.
Na bara waccan ya fi haka.
Ni kuwa sau uku na ƙirga,
sau uku arba'in da ɗaya.

Na ce, Baba, da yawa.
Ya ce, da yawa ba lamba ba ce, Talatu.
Ko tarago ɗaya ne ya shigo tasha
sai an rubuta shi.

Na rubuta. Biron ya ƙi, na hura masa numfashi.
Arba'in da ɗaya, sha tara ga Oktoba, iska daga gabas.
Ya shafa shafin da babban yatsa
kamar lambar na da tudu.

Ba mu tashi ba.
Wata ƙwaya ɗaya ta biyo baya, ƙasa ƙasa,
ƙafarta guda na reto,
inuwarta ta bi ta kan cinyarsa ta wuce.
Ya ɗaga hannun dama, hannun tuta,
ya riƙe shi a sama
har na ce masa ta ɓace.

Gyara, ya ce. Da biyu.

A gangara shi ne a gaba.
Ƙafarsa ta san hanya,
ni ce nake tuntuɓe,
ina ta waiwayen sama.