Carbin da Ke Cikina

Wata bakwai ban ga wata ba.
Na ƙirga a yatsu, na ƙirga da gawayi a bayan ƙyaure,
har Inna ta fara duban cikina ta wutsiyar ido,
ni kuwa na san ba kowa a ciki sai ni.

Ran Talata na kife kaskon fanke tun hantsi,
na hau mashin daga Domayo,
jaka goma ƙulle a bakin zane.
Madam Mairamu ta shafa min abu mai sanyi a mara,
ta juyo da allon wajena, ta ce, duba.
Na duba. Duhu ne, da 'yan ƙwallaye a jere,
kamar carbin Baffa in ya naɗe shi a tafi.
Ta ce ƙwayaye ne da suka ɗaura niyyar tafiya,
suka tsaya a hanya, ba su kai ba.
Sai ta rubuta haruffa huɗu na Faransanci.
Ashe abin da ya ci min shekara shida
bai cika layi ɗaya a takarda ba.

Na ce, yana kisa?
Ta ce, a'a.
Na ce, yana tafiya?
Ta ce, zama da shi ake koya.
Tambaya ta uku ta maƙale min kamar ƙayar tarwaɗa,
ita ta ciro min ita:
ƙofar haihuwa ba a kulle take ba, Tasalla,
nauyin turawa gare ta.

Ki rage sukari, in ji ta, ki rage mai.
Dariya ta kufce min a gaban likita.
Ni da nake sayar wa rabin tasha sukari da mai!

A hanya na tuna da sosan da Inna ta ƙarar a wuyana
tana cewa dauɗa ce.
Na tuna hantsakin da nake ɓoyewa cikin gwangwanin allura,
da gashi tara na haɓata, kowanne na san shi.
Kakata ta ce mace mai gemu arziki ke bin ta.
To, ina jira. Ya san gidanmu.
Masu cewa fanke ya karɓe ni kuwa,
da ma su ga sau nawa na kwana da ruwan zafi kaɗai.

Daren nan na yi kuka, ba zan ɓoye ba.
Rabi na tsoro,
rabi don an wanke ni daga laifin da ban yi ba:
ba lalaci ba ne, ba baki aka yi min ba,
ciwo ne, yana da suna, wasu ma na da shi.

Inna ta juya takardar sama da ƙasa, ba ta iya karatu ba.
Da safe na tarar da kununa ba zaƙi,
nata ma haka.
Ba ta ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Yanzu bayan asuba ina haɗiye ƙwayata,
in gangara cikin Mayo Kaliyawo,
in taka yashi har gada, in dawo.
Baƙo zai ce kogin Marwa ya mutu.
Amma jiya na ga wata yarinya ta durƙusa
tana tono da ɓarin ƙwarya,
kamu ɗaya, kamu biyu,
sai ga ruwa yana tsattsafowa a hankali,
ba don an kira shi ba.

Na daɗe tsaye a kanta,
har ta ɗago ta ce, Yaya, za ki sha ne?

Na sha.
Sannan na tafi na hura wuta, ƙullu ya riga ya tashi.