Daƙiƙa Talatin

A Kazanlak, in watan Mayu ya raba,
kafin zakara ya buɗe baki muna gona,
don wardi ba ya jiran wanda ya makara:
rana na taɓa shi, mansa ya bi iska.
Ni Velichka, shekara ashirin da bakwai
nake riƙe da littafin ƙungiyar manoma,
buhu nawa ya shigo, tukunya nawa ta tafasa.

Ran Litinin na kunna kwamfuta,
sai na tarar imel ya sake riga.
Maɓallin dama ya yi ƙaura zuwa hagu,
kamar wani ya shigo mini kicin da dare
ya zuba cokula a gwangwanin zare.

Boyana mai awon buhu ta jawo kujera,
yatsunta duk sun yi kore da tsinka.
"Goggo, duba. Rubuta saƙonki da tsakar dare,
ki ce ya riƙe, sai gari ya waye ya kai.
Wasiƙar da ta dame ki kuwa,
kwantar da ita barci har ran Alhamis."
Na ce, ina ma bashi na jin wannan magana!

Kalanda ita ma ta koyi shisshigi.
Ta leƙa ranar kowa, ta ce ƙarfe biyu duk kuna da hali,
ta zaunar da Stoil direba gefen mai tukunya,
ba ta san ba sa ga-maciji
tun rikicin taya a bikin 'yar Nedyalko.
Ƙarƙashin kowace wasiƙa kuma, amsa uku a dafe:
Na gode. Madalla. Zan duba.

Daren Laraba ƙanena Lyuben ya rubuto daga Valencia,
layi huɗu, ba ko ina kwana:
a sayar da gonar Baba, ya samo mai saye.
Na'ura ta miƙo mini "Madalla" a faranti.
Na ture.
Na zazzage abin da na haɗiye shekara tara:
wa ya goya Baba a matakalar asibitin Stara Zagora,
wa ya aiko furen roba ranar jana'iza,
furen roba, zuwa kwarin wardi!
Na danna.

Sai wani baƙin layi ya ɓullo daga ƙasa:
An aika. A janye?
Ashe Boyana ta saita shi kan daƙiƙa talatin.

Tun ina 'yar ƙarama nake jin
magana zarar bunu ce.
Yau ga bunun, rabi a hannu, rabi a jinka.

Biyar. Ya ji a jikinsa.
Tara. Firij na gurnani, kare na haushi bayan coci.
Sha huɗu. Lyuben ɗan shekara shida,
zuma ta harbe shi a leɓe,
yana kuka, yana ƙin sakin kwandonsa.
Ashirin. Amma fa furen roba.
Ashirin da uku. Kafadarsa da ta goce a wurin gini,
abin da sai a bakin matarsa na ji.
Ashirin da bakwai,
yatsana ya riga ni yanke shawara.

Wasiƙa ta dawo, ko ƙura ba ta ɗauka ba.
Na share layi shida.
Na bar maganar matakala, don gaskiya ce,
na ce ya riƙe sai hantsi,
kada ta same shi a gado.

Sannan na buɗe kalanda:
Tsinkar wardi, gonar Baba,
Asabar ta sama, huɗu da rabi na asuba.
Na sa sunansa.
Zaɓi uku aka ba shi: I, A'a, Wataƙila.

Alhamis, ina tsaka da ƙirga buhun Stoil,
kwamfuta ta yi ƙara kamar cokali a kofi.
Wataƙila.

Boyana ta ce, "Goggo, ai wannan ba amsa ba ce."
Na ce ta je sito
ta ware mini kwando guda, mai dogon hannu.